Sayen motar turbo da aka ƙara wa ƙarfi: tambayoyin da samarin Maraɗi ke yawan kawowa garaji

Ƴan shekarun nan samari sun fara shigowa garajinmu da waya a hannu maimakon mota. Mutum zai miƙo maka hoton wata mota da ke Lome, ko Legas, ko Dubai, ya ce: “Maigida, an yi mata aiki, doki kaza gare ta, me ka gani?” Tambayoyin kusan iri ɗaya ne har na haddace su, shi ya sa na tara su wuri guda. Sana'ata wutar mota ce da na'urar bincike. Ni ma na taɓa sayen irin wannan mota na ɗanɗana kuɗata, labarin na cikin amsar fetur.

Mene ne turbo, kuma me ake nufi da motar da aka yi wa aiki?

Abinci biyu inji ke ci, iska da mai. Iya iskar da ta shiga silinda, iya man da za a ƙona, iya ƙarfin da za a samu. Turbo zugazugin maƙeri ne, sai dai ba yaro ke zuga shi ba: hayaƙin da injin ya fitar ne ke juya wata farfela, ita kuma ta juya ƴar'uwarta da ke ɗura iska cikin inji. Farfelar kan yi juyi fiye da 100,000 a minti ɗaya, gefen hayaƙinta kuma zafinsa kan kai digiri 900. Dabarar ba sabuwa ba ce, wani injiniyan Suwizalan mai suna Alfred Büchi ya yi mata rajista tun 1905. Da ma'aunin matsi da ake kira ba (bar) ake auna ɗurin iskar. Idan aka ce mota na ɗura ba 1, ana nufin injin na samun kusan ninki biyu na iskar da zai shaƙa da kansa.

Aikin da ake yi wa mota hawa-hawa ne. Akwai wadda aka sake wa saitin ƙwaƙwalwa kawai, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, ƙarfe ko ɗaya ba a taɓa ba. Akwai wadda aka ƙara wa faffaɗan bututun hayaƙi da babbar intakula, wato lagireton da ke sanyaya iska kafin ta shiga inji. Sai wadda aka sauya wa turbo da babba, aka sa manyan injekta da famfon mai, wani lokaci har aka buɗe inji aka sa fistan da biyel masu jure wuta. Masu sayarwa na kiran waɗannan sitej 1, 2 da 3, amma babu hukumar da ta tsayar da ma'anarsu. Sitej 2 ɗin wani, sitej 3 ne a bakin wani. Kada ka sayi lamba, ka nemi a lissafa maka kayan da aka sa ɗaya bayan ɗaya.

Tseren miƙe da muke gani a waya, yaya ainihinsa yake?

Mota biyu ne ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa, fitila ta ba su hannu, su tashi daga tsaye su miƙe mita 402, wato rubu'in mil. Akwai gajerensa na mita 201. A Amurka abin ya girma, kuma ƙungiyar NHRA da Wally Parks ya kafa a 1951 babban dalilin kafa ta shi ne a janye samari daga tsere a titin jama'a a kai su fili mai shinge. Motar gida kan cinye mita 402 cikin daƙiƙa 16 ko 17. Mai yin 12 ta isa a kira ta mai gudu. Tsohuwar motar da aka yi wa aiki ta sauko ƙasa da daƙiƙa 10, ba a barinta fili sai an gina mata kejin ƙarfe a ciki.

Abin da bidiyon ba ya nunawa: titin nasu ana fesa masa wani abu mai danƙo don taya ta kama, akwai dogon fili na tsayawa bayan layin ƙarshe, motar asibiti da ƴan kwana-kwana na gefe. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa a amsar wurin tsere.

Dillali ya ce doki 500 gare ta. In yarda?

Doki ma'aunin ƙarfin inji ne, baki kuma ba ya auna shi. Na'ura ce ke aunawa, ana kiranta daino: a ɗora tayoyin mota kan wasu gangunan ƙarfe, a taka ta, kwamfuta ta fitar da takarda. Ka nemi takardar, ka duba kwanan wata, ka duba ko lambar motar ce a kai. Sannan ka tambaya a ina aka auna, a taya ko a inji, domin tsakanin inji da taya ana asarar wajen kashi 15 cikin 100, mai ja da ƙafa huɗu ma ta fi haka. Mai son kambama hajarsa lambar inji yake faɗa.

Tambayar da ta fi duka: da wane fetur aka auna, kuma a wane yanayi? Doki 500 da aka samu a Jamus cikin sanyi da fetur mai lamba 98 ba zai biyo motar ya tsallako har Maraɗi ba. Kuma kada ka rikita da dokin da ke rubuce a kartagiris, wancan na lissafin haraji ne, ba ruwansa da gudun mota.

Wace mota ce ta fi jure ƙarin ƙarfi?

Sunan da kowa ya sani shi ne Toyota Supra ta 1993 zuwa 2002, mai injin 2JZ-GTE, lita 3, silinda 6, gangar jikinsa baƙin ƙarfe. Daga kamfani doki 320 take fitowa a Amurka, amma injin na ɗaukar ninkin haka ba a buɗe cikinsa ba. Sai dai kuɗinta yau ya fi na gida a unguwar Ali Ɗan Sofo. Mitsubishi Lancer Evolution mai injin 4G63 ita ma jaruma ce. Subaru WRX STI mai EJ257 daɗin sauti gare ta, amma ta yi ƙaurin suna wajen fashewar bakin fistan in fetur bai yi mata ba, mu kuwa nan ne rauninmu. BMW 335i mai N54 tana karɓar ƙari cikin sauƙi, famfon fetur ɗinta mai matsi da injektocinta ne ke cin aljihu.

A ganina, a nan tambayar ba wace ta fi ƙarfi ba ce, wace ce za ka samu kayanta. Golf GTI da ƴan'uwanta na Audi sun fi sauƙi, don Volkswagen ba baƙuwa ba ce a wajen makanikanmu, kuma abin da aka rasa a Maraɗi akan same shi a Ƙofar Ruwa ta Kano. Masu mafarkin Nissan Skyline GT-R irin su R32 zuwa R34 su tuna sitiyarinta a dama yake. Ka kwatanta kanka a bayan titan a hanyar Tasawa, kana son wucewa, ba ka ganin abin da ke tahowa sai ka fito da rabin mota.

Fetur ɗinmu zai yi mata?

Nan ne gizo ke saƙa. Lambar da ake gani a famfunan Turai, 95 ko 98, ma'aunin juriyar fetur ne: iya matsi da zafin da zai ɗauka bai kama da kansa ba. In fetur ya gaza, sai ya fashe kafin lokacinsa, ya daki fistan tana kan hawa. Wannan ita ce ƙwanƙwasar inji. A motar kamfani akwai na'urar da ke jin ta, ƙwaƙwalwa ta ja wuta baya, wato ta jinkirta tartsatsin buji, mota ta rage ƙarfi ta tsira. Mai saitin tsere kuwa ya riga ya cinye wannan rarar, wani ma dusashe kunnen na'urar yake yi don takardar daino ta yi kyau. Mu a gidajen manmu fetur iri ɗaya ne, na matatar SORAZ ta Damagaram da SONIDEP ke rarrabawa, babu famfo na biyu da za ka ce a zuba maka mai lamba 98. Na kwalba kuwa, ruwa-ruwa, Allah kaɗai ya san jarka nawa ya ratsa da abin da aka sirka masa. In an saita motar da E85, fetur mai yawan giyar masara da ake amfani da shi a Amurka da Faransa, to ka manta da ita sai an sake saiti gaba ɗaya.

Ga nawa labarin. A 2019 na sayo Golf 5 GTI daga Kwatano, an cire mata ƙaramin turbonta K03 an sa K04. A cikin murfin tankinta akwai ƴar takarda mai lamba 98, na gani da idona, na ce ai rubutun Turawa ne. Wata biyu ina jin daɗinta. Ran nan cikin Afrilu muna dawowa daga Ɗan Isa ni da wani abokina, wajen ƙarfe biyu na rana, kwalta har rawa take don zafi, na ga hanya ta yi fili, na danna ta a giya ta huɗu. Sai na ji wata ƴar ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwanin madara ana kaɗawa. Abokina ya ce: “Malam, me ke nan?” Na ce ba komai. Ban rufe baki ba mota ta yi tari, ƙarfi ya zube, hayaƙi ya turnuƙe bayanmu. Da igiya aka shigo da mu gari. Da na kwance bujin silinda ta uku, bakinsa ya yi fari da ɗigo-ɗigon ƙarfe kamar an barbaɗa masa gishiri. Muka buɗe kilas, wato murfin saman inji, gefen fistan ya narke kamar ɓera ya gaigaye sabulu. Duka-duka abin bai wuce daƙiƙa biyar ba. Wata bakwai ta yi a gindin bedi a ƙofar gidanmu, har Inna ta riƙa cewa na saya wa kajinta akurki mai tsada.

Mafita ɗaya ce: a sake saita motar da man da za ta riƙa sha, a rage ɗurin iska, a ja wuta baya. Za ka yi asarar doki da yawa, ka haƙura. Ƴan kwalaben ƙarin lamba da ake sayarwa a shago abin da suke ƙarawa kaɗan ne, ba sa mayar da manmu 98. Masu hali kan sa tankin fesa ruwa da metanol cikin iska, yana taimakawa ƙwarai, amma ran da tankin ya ƙare ba ka sani ba, ka koma labarina.

Zafin bazara da ƙurar hunturu fa?

Iska in an matse ta zafi take yi, aikin intakula ke nan ta sanyaya ta. Amma intakula ba ta iya sauko da iska ƙasa da zafin waje. Wanda ya gina motar yana lissafi da digiri 15 ko 20, kai kuma a Afrilu da Mayu kana cikin 42. Iska mai zafi na jawo ƙwanƙwasar da na faɗa a amsar fetur, don haka zafi da raunin mai taron dangi suke yi wa inji. In ka tsaya cikin cunkoson bakin kasuwa intakula ta ɗau zafi, kana fita kada ka danna, ba ta ƴan mintuna iska ta ratsa ta.

Ƙura kuma turbo take ci. Yawancin motocin nan suna zuwa da buɗaɗɗen filta mai kama da hular kwano, mai sa a ji shaƙar iska. A ƙasar da babu ƙura ba laifi. A nan, hunturu ɗaya ya isa yashi ya cinye bakin farfela kamar an goga mata fayil. Ka mayar da akwatin filta na asali da filtar takarda. Ka daina zuba ruwan rijiya a lagireto, kuma kada ka bari a cire maka tamostat da sunan wai ƙasarmu da zafi, al'ada ce da ta kashe injuna da yawa. Baƙin mai kuwa sai na roba mai kyau daga hannun da ka yarda da shi, don jabu ya yi yawa, a yi juye duk kilomita 5,000. In ka yi gudu, bar inji na aiki minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe, in ba haka ba man da ke cikin turbo ya dahu ya zama gawayi.

Me zan duba kafin in biya?

Ka je da sassafe, ka sa hannu a kan inji ka tabbatar da sanyi. Kwanaki na raka ɗan wani Alhaji ganin wata BMW. Mun yi da mai ita ƙarfe bakwai, muna isa muka tarar tana aiki. Na ce: “Yallaɓai, da ka bari mun tada ta da kanmu.” Ya ce yara ne suka wanke ta. Na ce to mu dawo gobe. Yaron ya ja ni gefe: “Baba, kada wani ya riga mu.” Washegari muka sammaka, ana murza makulli ta yi aman shuɗin hayaƙi ya cika layin. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa, ko daga turbo ko daga ringi. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa ruwa ne, gasket ɗin kilas ya tafi. Baƙi fetur ne ya yi yawa.

Bayan hayaƙi, a auna matsin kowace silinda, kada bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin 100. A kwance bujoji a jera su, a duba ko ɗaya ya fita daban. A cire bututun gaban turbo a kama sandar farfela da yatsa: ɗan motsi gefe da gefe ba laifi, amma in tana shiga tana fita, ko bakin farfelar ya taɓa bango, turbo ya gama. A buɗe murfin baƙin mai, in ka ga abu kamar kindirmo, ruwa ya haɗu da mai. Ka murza makulli ba ka tada ba, ka ga fitilar inji ta kama, domin akwai masu kashe ta don kada ta tona asiri. A jona na'urar bincike, a yi tafiya da ita a jone, a ga ko ƙwaƙwalwa na jan wuta baya lokacin da aka taka. A Golf 5 akwai wani ɗan ƙoƙon ƙarfe ƙarƙashin famfon mai mai matsi da ke cinyewa, a ciro shi a gani, aikin ƴan mintuna ne.

Na ƙarshe, ka leƙa wayoyi. Ni da wayoyi nake sanin halin wanda ya gina mota. In ka ga an murɗe su da hannu an naɗe da salatif, an bar wasu na lilo kusa da bututun hayaƙi, to haka ya yi aikin da ba ka gani a cikin inji. Wanda ya yi aikin kirki yana da rasit, yana da sunan wanda ya saita, yana ma jin daɗin a tambaye shi. Mai cewa “ai haka na saye ta” bai san abin da yake sayarwa ba, kai ma ba za ka san abin da ka saya ba.

Ba zan iya zuwa inda take ba, hoto da bidiyo sun isa?

A'a. Ka biya makanike a can wanda ba ruwansa da dillalin, ya yi abin da na lissafa a sama yana nuna maka ta waya. Ka karɓi lambar shasi mai harafi da lamba 17, in motar Amurka ce a bincika tarihinta a intanet, domin da yawa daga gwanjon motocin da suka yi hatsari ko ruwa ya ci suke fitowa.

In ta lalace, wa zai gyara, wa zai saita?

Ƙarfe muna iyawa. Sauya turbo, fistan, kuloci, duk ana yi a Maraɗi in kaya sun samu. Saiti ne matsala. Akwai masu kwafo fayil daga intanet su loda wa ƙwaƙwalwar mota su ce sun yi saiti, alhali fayil ɗin an rubuta shi ne don wata mota a wata ƙasa. Saitin gaskiya sai an auna motarka, da manka, ana kallon yawan iska da mai. Inji na zaune lafiya da kashi 14.7 na iska kan kashi 1 na fetur, amma in turbo ya cika ɗuri ana so ya sauko wajen 11.5 zuwa 12 don man ya sanyaya silinda. Wanda bai iya yi maka bayanin wannan ba, kada ka miƙa masa makulli.

Abin da ya fi yiwuwa a nan shi ne saiti daga nesa: ka yi tafiya da kwamfuta a jone, ka aika wa ƙwararre bayanan, ya gyara ya dawo maka da su, a yi ta yi har ya zauna. Shi ya sa tun kafin saye ka tambaya ko ƙwaƙwalwar a kulle take. Wasu masu saiti na sa mata lambar sirri, in mai lambar ya ɓace, sai sabuwar ƙwaƙwalwa.

Takardu fa, duwan da kartagiris da asiransi?

Lambar shasin da ke jikin mota ta dace da ta takarda harafi da harafi, kuma ka duba wurin ko an yi walda ko sabon fenti. In an sauya inji gaba ɗaya, ka nemi takardar sayen injin. Mota mai lambar Nijeriya ba ta zama taka ta nan ba sai ta bi ta duwan, kada arha ta ruɗe ka. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, motocin da a da ke biyowa ta Malanbil da Gaya sun koma zagayowa ta Lome da Burkina, tafiya ta ƙaru, kuɗi ya ƙaru. Motar da aka saukar ƙasa kuma ba ta jure wannan hanya da ƙafarta, sai a bayan babbar mota.

Asiransi kuwa, ka gaya musu gaskiyar abin da aka yi wa motar, ka kuma karanta takardarka da kyau, domin hatsarin tsere na cikin abin da irin waɗannan takardu suka saba cirewa. In an cire wa mota tukunyar salansa tana ruri, ka shirya tsayawa a kowane shingen jandarma.

Zan iya hawanta kullum, zuwa kasuwa da kai yara makaranta?

Za ka iya, amma ba za ka so ba. Babban turbo ba ya farkawa sai inji ya hau sama, a ƙasa motar lagwani ce, can kuma ta zabura gaba ɗaya. Kulocin tsere tauri gare shi, ba ya son a saki a hankali, cikin ƴan kabu-kabu da adaidaita ƙafarka ta hagu za ta gaya maka. Ga tudun rage gudu, ga yashin layukan Zariya da Bagalam, ga ruwan damina, ita kuwa intakula tana can ƙasa a gaba, abu na farko da zai daki ƙasa. Mai irin wannan mota yana bukatar ta biyu, ko da Starlet ce.

Ya batun birki da taya?

Mutane na tambayar doki, ba mai tambayar birki. Nauyin gudu ba ninki ɗaya yake hawa ba: in ka ninka gudu sau biyu, tazarar tsayawa ta ninka sau huɗu. Yawancin motocin tseren miƙe duk kuɗin a inji aka zuba, birki na kamfani ne. A sauya man birki da DOT 4 sabo, tsoho na shan ruwa ya tafasa da wuri, feda ta tafi ƙasa ba komai.

A gefen taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 2318 na nufin mako na 23 na 2018. Akwai kuma harafin gudu, H kilomita 210, V 240, W 270, Y 300. Tayar gwanjo mai shekara takwas da ta sha rana a bakin titi, ko zanenta bai cinye ba, ba abin da za ka ɗora ranka a kai ba ne. Tayar tsere mai sulɓi kuwa, yayyafi kaɗan ko yashin da iska ta shimfiɗa a kwalta ya isa ta juya da kai.

To a ina zan yi tseren a Maraɗi?

Babu filin tseren mota a Maraɗi, wannan ita ce maganar. Abin da samari ke kira fili shi ne hanyar Ɗan Isa, ko ta Tibiri da Gidan Rumji, ko babbar hanyar Damagaram. Duk hanyoyin mutane ne. A kilomita 160 cikin awa mota na cin mita 44 kowace daƙiƙa. Kafin idonka ya gaya wa ƙafarka akwai amalanken shanu a gaba, ka cinye wannan tazarar ba ka ko taɓa birki ba. Masu cewa sai dare ya yi hanya ta yi fili sun manta amalanke ba shi da fitila, jaki ma haka. Wasan mota a rakiyar amarya kuwa ba na ko son a kawo mini zancensa, ƙananan yara ne ke cika bakin hanya suna kallo.

In da gaske kuke, ku haɗu ku zama ƙungiya, ku je wa hukuma da takarda, ku nemi a rufe muku wani yanki na ƴan awoyi, da jami'an tsaro da motar asibiti da abin kashe wuta, ƴan kallo nesa kuma a bayan wurin tashi. Ku yi na mita 201, domin gudun ƙarshe bai kai na 402 ba, filin tsayawa ma bai kai ba. Hular kwano da bel dole. Haka Amurkawan da kuke kallo suka fara, na faɗa a amsar tseren miƙe. In ba a samu izini ba, babu tsere, sai ka san da haka tun kafin ka kashe miliyoyinka.

Bayan kuɗin saye, nawa zan tanada?

Ƙa'idata, in kuɗinka kashi uku ne, biyu na mota, ɗaya na ajiya. Daga ajiyar za a fara cire sabon saiti, filta, juyen kowane mai da ke jikinta, bujoji, taya huɗu. Sauran ka bar shi don ranar da ba ka so. A Yulin 2024 an sauko da litar fetur zuwa sefa 499, amma kada ka yi lissafi da shan motar gida, in turbo ya buɗe allurar tanki da ido kake ganin saukarta. Kaya kuma ba kuɗinsu kaɗai ba, jira: ƙaramin abu na jika ashirin kan tsayar da mota wata guda kafin ya iso daga Dubai.

Wanne ya fi, in sayi wadda aka gama ko in sayi lafiyayya in gina a hankali?

A lissafin takarda wadda aka gama ta fi arha, don mai gini ba ya taɓa mayar da kuɗinsa. Amma a tambaye ni, lafiyayya ta kamfani. Ka hau ta wata shida ka san halinta, ka gyara birki da taya da sanyaya, sannan a yi mata ɗan saiti daidai da manmu. Doki 250 da ke tashi kowace safiya ya fi 500 da ke gindin bedi. Wadda aka gama sai in ta cika sharuɗɗan amsar dubawa, da rasit, da mai saitin da ke ɗaga waya.

In na gaji da ita, zan samu mai saye?

Da wuya, kuma da asara. Masu son irinta a garin nan ka iya ƙirga su da yatsu, duk kuma sun san labarin motarka kafin ka kai ta. Ɗan kasuwa ko ma'aikaci na jin an taɓa inji zai juya. Saboda haka tun ranar saye ka tambaya ko kayanta na asali na nan, ƙaramin turbo, salansa, akwatin filta, a zuba maka su a but. Da su za ka mayar da ita yadda kamfani ya yi ta, ka sayar da kayan tseren daban.

Haka na yi da Golf ɗina. Da fistan suka iso na nemo K03 na gwanjo a Kano, na mayar da saitin kamfani, na sayar wa wani mai shagon atamfa a Tasawa ƙasa da abin da na kashe nesa ba kusa ba. K04 ɗin yana nan kan kanta a garaji, na cusa masa tsumma a baki saboda ƙura, duk wanda ya shigo da hoton mota a waya shi nake fara miƙa masa tare da narkakkiyar fistan ɗin.